Aikin anodaizin da aka yi wa sassan bindigar farautata

Alminiyum ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da laushi. Mariƙin hannu da mazaunin madubin hange na bindigata duk sun karce, gefuna sun yi fari fat, shi ya sa na kai su wurin masu anodaizin, wato masu aikin taurara fatar alminiyum.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai aikin bai karɓa ba sai da ya tambayi irin alminiyum ɗin, wato lambar gaurayen ƙarfen, 6061 ne ko 7075. Ya kuma sa na cire duk wata ƙusa da fil na baƙin ƙarfe, domin ruwan asid ɗin zai cinye su. Anodaizin ba fenti ba ne. Ana tsoma kayan a asid na salfa, a sakar masa lantarki, sai fatar alminiyum ɗin kanta ta rikiɗe ta yi tauri. Na zaɓi nau'i na 3, mai taurin, wanda ake yi a ruwa mai sanyi kusan digiri 0 a ma'aunin Celsius. Kaurinsa kan kai maikiron 50 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), rabi ya nutse cikin jikin ƙarfen, rabi ya taso waje. Wannan rabin da ke tasowa ne ke matse ramin fil, shi ya sa masu aikin suka toshe ramukan kafin su tsoma. Da na haɗa, komai ya zauna daram.

Inda ban ji daɗi ba shi ne launi. Mariƙin ya fito baƙi wuluk, mazaunin madubin kuwa in rana ta haska shi sai ka ga ya ɗan ja zuwa shunayya. Gaurayen ƙarfen ne ya bambanta, na yarda, amma ya kamata a faɗa mini tun farko.

Suna kuma fesa Cerakote, wani irin fenti mai tauri wanda ake gasawa a tanda bayan feshi. Launinsa ɗaya ne a kowane sashi, yana hawa baƙin ƙarfe ma, sai dai a kan fata yake zaune, kuma a gefen da ke yawan gugar jaka a hankali yake sudewa. Wanda launi ya dama, shi ya fi masa.

Ni dai gogayya ce damuwata. Bayan zirga-zirga cikin ƙaya da ƙura, na goge mariƙin da tsumma mai ɗan mai, ban ga farin ƙarfe ko ɗaya ba. Zan koma musu, amma da sabon kaya kawai: cire tsohon anodaizin da soda na cin jikin alminiyum, ramuka su buɗe, fil ya riƙa lilo.