Na sa an mayar mana da makunnin fitilar tsakar gida tu-we, ga yadda na gani

Wata uku kenan da yin aikin nan a gidanmu na Ƙofar Marusa, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda abin yake don masu tsofaffi a gida. Makunnin fitilar tsakar gidanmu a bakin soro yake, ɗakin Inna kuma can ƙurya, to duk asuba in ta fito alwala sai ta ratsa tsakar gida cikin duhu tana lalube da buta a hannu kafin ta kai wurin kunnawa, ga ƙafa ba daɗi ga ido ya yi rauni. Ranar da ta yi tuntuɓe da turmi wallahi kasa barci na yi, washegari na kira mai wayarin.

Da na ce ko a ƙara wani ƙwan ne sai ya ce "Alhaji ba sai an ƙara ba, tu-we za mu yi, fitila ɗaya makunni biyu." Ya kwance na bangon ya nuna mani bayansa, wurin ɗaura waya biyu ne kawai, COM da L1, sabon da ya kawo kuma uku ne, COM da L1 da L2. Layif, wato wayar da ke kawo wuta, ya shiga COM na makunnin soro, sai wayoyi biyu su tashi daga L1 da L2 su je L1 da L2 na makunnin ƙofar Inna, daga COM na can waya ta tafi ƙwai. Nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, bai shiga makunni ko ɗaya ba, kai tsaye ya wuce fitila. Wayar 1.5mm ya sa, wadda ake sa wa fitilu, muka sayo mita 15 a babbar kasuwa har ta yi saura.

Abin da ya sa na yarda da yaron nan, lokacin da ya zo babu wuta a unguwa amma duk da haka ya ce in kai shi wurin bireka, ya kashe, ya kashe canjoban inbata, sannan ya sa testa ya taɓa kowace waya. Ya ce wutar gida bolt 230 ce kuma ba ta sallama in za a kawo ta. Don Allah wanda bai iya ba kar ya kalli bidiyo a YouTube ya ce zai yi da kansa.

Ba wai aikin ya tafi sumul ba. Da ya gama muka gwada, in na soro yana sama na Inna na aiki, in aka yi ƙasa da shi sai nata ya mutu gaba ɗaya. Bai yi gardama ba, ya sake kashe bireka ya kwance, ashe wayar COM ce ya musanya da ta L1, minti goma ya gyara. Ku gwada duka makunnan sama da ƙasa ta kowace fuska kafin ku biya kuɗin aiki. Sai kuma tirankin, wato robar da ake rufe waya a ciki, da ya bi da shi saman bango tunda ban yarda a fasa filasta ba, gaskiya bai yi mani kyau ba, fari ƙal a kan bango ruwan ƙasa, mai sabon gini gara ya sa a binne faif tun farko.

Wani abu da bai gaya mani ba sai da muka gani da kanmu, yanzu sama ko ƙasa ba ya nuna a kunne take ko a kashe. In an ɗauke wuta ba ka da yadda za ka sani ta kallon makunni ɗaya, sau biyu muna tarar da fitila ta wuni tana ci. Ƙwan LED ne dai ba ya jan wuta sosai, amma in kan inbata muke ina jin abin.

Inna da farko ƙin taɓawa ta yi, wai kar ta ɓata. Na kama hannunta na ɗora a kai na ce "Inna ku danna kawai", ta danna tsakar gida ya haske, na sa ƙanena ya kashe daga soro, ta sake kunnawa daga bakin ƙofarta. Ta ce "kai ɗan nan, Allah shi yi maka albarka." Mun sa mai wayarin ya sauke nata ƙasa kaɗan daidai kafaɗarta don kar ta riƙa miƙa hannu. Na riga na ce masa bayan salla ya dawo ya yi mana irinsa a matakalar bene.