Na ba da Lexus LX570 ɗina na yi ciko na ɗauki Marsandi G63 a Abuja, ga yadda muka kwashe

Tun da na dawo Kano da motar nan mutane ke tambayata ya gidan motar da na sayo ta yake, a je ko kar a je, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama suna ba, masu harkar manyan motoci sun san irin gidajen da nake nufi a wajen Wuse 2, masu gilashi daga sama har ƙasa, motoci a jere cikin AC ba a rana ba.

Tarba kam sun iya ta. Aka kai mu ofis aka kawo shayi, lokacin azahar ya yi aka nuna mana wurin sallah, babu wanda ya matsa mana. Ni da ƙanina da bakanikena muka je, wanda shekara da shekaru shi ke duba min mota.

Motar da na je dominta G63 ce ta 2019, baƙa, shigowar Amurka. Babban tsorona shi ne ofgired, wato tsohuwar mota da aka sabunta wa fuska, don kowa ya san yadda ake ɗaukar irin wannan G-Wagon ɗin ta 2014 a canza mata fitilu da bamba da giril a ce maka sabuwar fita ce. Bakanike bai tsaya kallon fuska ba, lambar shasi ya nema, ya ƙirga da yatsa har harafi na 10 cikin 17 ɗin nan, wanda ke nuna shekarar mota, ya ce Alhaji K ne, 2019 ce, da ta 2014 ce E za ka gani. Ya buɗe bonet, injin 4.0 ne mai tabo biyu ba tsohon 5.5 ba, giya 9 ce ba 7 ba. Carfax ma, wato rahoton tarihin motar a Amurka, su suka buga mana tun kafin mu tambaya, ba motar gwanjon Copart ba ce, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari, ba ta sha ruwa ba, takardun kwastam kuma lambar da ke jiki ta yi daidai da ta motar. Har ga Allah a nan na ji na zo hannun mutanen kirki, har na ce wa ƙanina ka ga bambancin gidan mota da dillalan bakin titi.

Sai aka zo kan motata.

LX570 ce ta 2016, farkon sabuwar fuska, ba ofgired ba, hannuna kaɗai ta sani tun da aka sauke ta, sabis ba ya wuce lokaci, ba a taɓa buɗe inji ba ba a taɓa giya ba. Abu ɗaya ne a jikinta kuma ni da bakina na faɗa musu kafin su duba, wani mai adaidaita sahu ya goge min ƙofar baya ta hagu a Zoo Road, na sa aka yi wa ƙofar fenti. Ƙofa ɗaya tal. Wani yaro ya fito da 'yar na'ura kamar ƙaramar waya, irin wadda ake manna wa a jikin mota ta nuna kaurin fenti, ya bi ta ko'ina lamba na fitowa kusan iri ɗaya, da ya zo kan ƙofar nan lamba ta yi tsalle, sai ya ɗaga kai ya kalli manajan ya girgiza kai kamar an kama ɓarawo. Manajan ya ce ranka ya daɗe ai motar nan ta fita daga fes bodi, wato mai fentinta na asali, masu sayen irinta a Abuja ba sa son an taɓa fenti, za ta daɗe a wajenmu, ga LX600 ta shigo ta karya mata kasuwa, ga injin 5.7 yanzu kowa gudunsa yake saboda tsadar mai. Tayin da ya yi min wallahi sai da na ji kunya a gaban ƙanina, ya yi ƙasa da abin da wani a Kano ya taya ta da kuɗi hannu da kusan miliyan 12. Na ce albarka.

Na ce to a kawo na'urar a ɗora a kan taku mu gani. Aka ce yaron ya fita da ita. Har muka bar wurin yaron bai dawo ba.

Abin da ya fi ci min rai a cinikin shi ne maganar dala. In ana maganar G63 sai a ce Alhaji ka san tun 2023 da aka saki naira komai ya tashi, in muka sayar da wannan ba za mu iya sauke wata a kuɗin ba, ga duti ga kuɗin jirgi. Na yarda, ni ma ɗan kasuwa ne, kaya nake shigowa da su, na san zafin canji. To amma tawa fa? Ita ma ba da dala aka sayo ta ba? Ita ma in za ka sauke irinta yau ba da canjin yau za ka biya ba? Sai ya ce ai tawa ta zama 'yar gida. Mudun da suke auna tasu daban, wanda suke auna tawa daban, kuma a teburi ɗaya muke zaune.

Da na miƙe zan tafi sai manajan ya shiga wajen maigidansa ya fito yana murmushi, ya ce Alhaji ya ce don girmanka an ƙara maka miliyan 5 a kan motarka. Na ji daɗi, har na fara godiya. Ƙanina ne da ke ta danna kalkuleta a waya ya taɓa ni ya ce Yaya duba cikon, bai motsa ba. Ashe ragin miliyan 5 da suka yi min da safe a kan G63 shi suka janye a cikin sabon lissafin, suka maido min shi ta ɓangaren motata. Na nuna wa manajan, ya ce ai ba a haɗa ragi biyu. Daga nan na daina sauraron nawa taku nawa tawa, na ce a faɗa min ciko kawai, nawa zan tura. Da muka tsaya a kan wannan lambar guda ɗaya ne aka fara ciniki na gaskiya, muka ja har bayan la'asar, na samu suka sauko da miliyan 4 suka ɗauki nauyin canjin takardu da lamba. Na sallama, don na riga na sa motar a rai kuma ba na son komawa Kano in zauna jiran mai saye, yau wannan ya zo ya gwada gobe wancan ya taya ya ɓace.

Motar dai ba ni da abin cewa a kanta. Hanyar Kaduna zuwa Zariya ta nuna min abin da na biya, ƙarar ƙofarta kaɗai in ka rufe ta isa. Kwana uku ina cewa duk da an matse ni a musanya ban yi asara ba, har na ba wa wani abokina lambarsu.

Rana ta huɗu ƙanina ya turo min hoto daga shafinsu na Instagram. Motata ce, an wanke ta an goge tana sheƙi, na gane ta da 'yar tsagar da ke jikin murfin fitilar baya. A ƙasa an rubuta fes bodi, ba a taɓa fenti ba, ba hatsari. Ya tura musu saƙo kamar mai saye, kuɗin da suka faɗa masa ya haura abin da suka lissafa min da miliyan 19.

Riba ba haram ba ce, ba wanda ya buɗe gidan mota don sadaka, da sun ɗora ribarsu sun faɗi gaskiyar ƙofar da ko uffan ba zan ce ba. Amma fentin da aka kafa min hujja da shi aka zaftare min kuɗi, shi ne ya ɓace cikin kwana huɗu? Ko dai ni aka cuta ko wanda zai saya za a cuta, kuma shi zai ɗauka ni na ɓoye. Wannan ne ya hana ni barci, motar da na riƙe da amana a je a sayar wa wani bawan Allah da ƙarya.

Na kira manajan, ya ce ranka ya daɗe yaron da ke kula da shafin ne ya yi kuskure za a gyara. Na ce ka faɗa wa duk wanda ya zo saye ƙofar baya ta hagu an yi mata fenti, in ba haka ba ni zan rubuta a ƙarƙashin hoton. Da yamma suka goge kalmar fes bodi, kuɗin dai yana nan yadda yake. Na kira abokin nan nawa na ce in zai je ya sayar da tasa a waje tukuna ya tafi da kuɗinsa a hannu, ya kuma tafi da bakanikensa da na'urar fenti tasa.

Kuma har yanzu makulli na biyu na G63 da suka ce yana wajen maigida za a ba direba ya kawo min Kano bai iso ba, yau sati uku, jiya na kira sau biyu ba a ɗauka ba.