Cike tsaga a shafe da fenti, ko a shimfiɗa mata ƙyalle: wanne ya dace da filinku?

Malam, na ga tambayarka tun jiya. Bari in taƙaita ta saboda waɗanda ba su gani ba. Filin tanis ne na kwalta, ana buga ƙwallon kwando a ɓangare ɗaya, ya haura shekara goma. Bara aka cike wuraren da suka tsage aka yi sabon fenti, shekara ba ta zagayo ba tsagar ta dawo a daidai inda take. Yanzu 'yan kwangila biyu sun zo da magana biyu: ɗaya ya ce a sake cikewa da kaya mai kyau, ɗayan ya ce a shimfiɗa ƙyalle mai talewa a kan kowace tsaga kafin fenti. Kana son sanin wa ya fi gaskiya.

Kafin a kai ga wannan, sai an san abin da ya tsage. Fentin da kake gani a sama, wanda ake kira akirilik, da ƙyar kaurinsa duka ya wuce milimita ɗaya ko biyu. Fata ce kawai. Jikin filin shi ne kwaltar da ke ƙasa, da burji ko tsakuwar da aka danne a ƙarƙashinta. Kwalta tana tsufa: rana da iska suna busar da man da ke riƙe tsakuwarta, ta yi tauri, ta takure, ta dare. Da ta dare kuwa, ɓangarorin biyu sun zama kamar leɓe, su buɗe da sanyi su rufe da zafi. Daɓen kankare mai tsawon mita 36, wato kusan tsawon filin tanis daga shinge zuwa shinge, yakan miƙe ko ya takure da wajen santimita 1 idan zafi ya sauya da digiri 30, kwalta kuma ta fi haka motsi. Duk wannan motsin a bakin tsagar yake taruwa. Shi ya sa aikin bara bai riƙe ba, kuma ba lallai ne mai aikin ya yi ha'inci ba.

To, cikewa. Ana kankare tsagar a fitar da ƙasa da ciyawa da tsohon abin da aka cusa, a wanke da injin feshin ruwa, a bari ta bushe ƙarau, sannan a cusa kwaɓin ruwan akirilik da yashi da ɗan siminti, a goge ya yi daidai da fili. Aiki ne mai sauƙi, mutum biyu masu hankali za su iya, kuma shi ne mafi araha da nisa. Amfaninsa na gaske shi ne toshe wa ruwa hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka: in ya bi tsaga ya sauka, sai ya jiƙa burjin ƙasa, ƙasan ta yi laushi, bakin tsagar ya fara nutsewa. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa abin ya fi muni, don ƙanƙara takan fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin 100, ta ƙara ɓare tsagar kowace shekara. Amma kwaɓin nan in ya bushe tauri yake yi, ba ya bin motsin kwalta. Ranar da aka yi sanyi sosai, siririn layi zai fito, ko a tsakiyar cikon ko a gefensa. Ɗan kwangilar da ya ce maka kaya mai kyau zai hana wannan, ka tambaye shi ko zai rubuta a takarda. Ba zai rubuta ba.

Ƙyalle kuma wata dabara ce daban, kuma a nan mutane suka fi rikicewa. Shi ma sai an fara cike tsagar kamar yadda na faɗa. Bayan haka a ɗora wani siririn tef a kanta wanda aikinsa shi ne hana abin da ke sama mannewa da bakin tsagar. Sai a shimfiɗa ƙyalle mai talewa wanda ya fi tef ɗin faɗi, a manne shi ta gefe da gefe, a ƙara wani a kan gefunan don su ɓace, sannan a bi da shafe-shafen akirilik. Tsagar tana nan a ƙasa, tana buɗewa tana rufewa yadda ta saba, sai dai ƙyallen ya raba motsin a kan faɗi mai yawa, fentin sama bai ji an ja shi a wuri ɗaya ba balle ya yage. Wato ba a warkar da ita ba, an yi mata rumfa ne.

In ka jera su, ga yadda nake ganinsu. Wajen kuɗi, ciko ya yi nasara, domin ƙyalle da mita ake lissafa shi kuma yana cin kwanaki da hannun gwani. Wajen daɗewa, ƙyalle ya bar ciko a baya: ciko aikin kowace shekara ne ko biyu, ƙyalle in an yi shi daidai yakan ɗauki shekaru. Wajen wasa, ciko ba ya sauya tashin ƙwallo, ƙyalle kuwa wani lokaci yakan bar wurin da ƙwallo ke yin ƙara kamar an buga a kan ganga, ta kuma ɗan rage tashi. Masu tanis sun fi lura da wannan, masu kwando ba su cika damuwa ba sai in ya faɗo a inda ake yawan dirawa. Wajen juriya da wulaƙanci, ciko ya fi: in yara na shiga da keke ko ana jan benci da kujerun ƙarfe a kan filin, ƙyalle zai iya hujewa, kuma da ruwa ya shiga ƙarƙashinsa sai ya kumbura.

Akwai inda dukansu biyu ba su da amfani, kuma ina zargin ba a gaya maka ba. Ka sami katako miƙaƙƙe ko dogon ƙarfe ka gitta shi a kan tsagar. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu, matsalar daga ƙasa take: ko burjin ya zauna, ko saiwar bishiya ce ke ɗago shi. Ƙyalle yana jure ja zuwa gefe, ba ya jure hawa da sauka. Haka in ka ga wuri ya farfashe ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, wannan kwaltar ta mutu, sai a yanke wurin a haƙa a sake danne ƙasa a zuba sabuwa. Sabuwar kwalta kuma sai ta yi mako biyu zuwa wata guda kafin a shafa mata akirilik, kankare kuwa kwana 28. In irin wannan ya yi yawa a filin, kuɗin faci asara ne, gara a tara a sake gini. Masu zuba sabuwar kwalta kai tsaye a kan tsohuwa su sani tsohuwar tsaga takan biyo ta fito a sama, in ba an raba tsakaninsu da shimfiɗar tsakuwa ba.

Ka kuma ambaci santsi a bayan layin ƙarshe da ƙarƙashin kwando. Wannan ba shi da alaƙa da tsaga. Yashin da ke cikin fenti ne takalma suka cinye, kuma yashin nan shi ke riƙe ƙafa, shi ke rage gudun ƙwallo. Maganinsa shafi ɗaya ko biyu na akirilik mai kauri don cike ramukan kwalta, shafi biyu na launi mai yashi, sai layuka. Yawanci duk shekara 4 zuwa 8 ake yi, gwargwadon yawan wasa. Kafin a shafa, ku malale filin da ruwa ku jira awa ɗaya a rana. Duk inda ruwa ya kwanta ya kai zurfin milimita 2, ku zagaye shi da alli a cike. In kuwa rabin filin ne ke riƙe ruwa, to gangararsa ce ta lalace, don fili mai kyau yakan sauka da kusan santimita 1 a kowace mita zuwa ɓangare ɗaya, kuma fenti ba ya gyara gangara.

Abu biyu kada ka yarda a sa ko da kyauta ne: gam ɗin silikon, domin fenti ba ya kama shi, da narkakkiyar baƙar robar da ake zubawa a tsagar titi, domin zafi na narkar da ita ta ɓullo ta cikin launi ta manne a takalma. Kada kuma a yi shafi a ranar da ake sa ran ruwa, ko sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10.

Da ni ne a wurinka, zan haɗa su ne. Dogayen tsage-tsagen da suka ratsa cikin filin wasa, waɗanda bakinsu ya yi daidai da juna, su sami ƙyalle, a kuma wuce ƙarshen kowace da ɗan tazara saboda tsaga takan ci gaba da tafiya ta baki. Na bakin shinge da na kusa da turakun raga, a cike kawai, a riƙa dubawa kafin damina. Ka auno mana jimillar tsawonsu da mita, faɗin mafi girmansu da sassafe da kuma da tsakar rana, da abin da katakon ya nuna, sannan ka koma wa 'yan kwangilar biyu da waɗannan lambobin a hannu.