Wake da Kaza a Kasuwannin Kebbi: Wanne Za Ka Saya?

A kasuwar Jega ko ta Birnin Kebbi, za ka ji mai saye yana tambayar mai awo: "Alhaji, wannan waken ba na GMO ba ne ko?" GMO na nufin irin da masana suka sauya wa ƙwayar halitta. Tambayar tana da hujja, sai dai ido ba ya iya amsa ta, kuma akwai wadda ta fi ta gaggawa.

Waken da ke cikin kwano iri uku ne. Akwai na gargajiya irin su kananado. Akwai ingantaccen iri da masana suka samar ta hanyar barbara tsakanin wake da wake, kuma wannan ba GMO ba ne ko da an kira shi "irin zamani". Sai na uku, SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 bayan amincewar NBMA, hukumar da ke sa ido kan GMO a Najeriya. Shi ne aka dasa wa ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, domin ya kashe tsutsar maruka mai cin fure da kwanso. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas yana iya tsayawa a biyu. Farin wake ne kamar sauran; in aka juye shi cikin buhu ɗaya da wani, ba mai iya tsince shi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kariyar Bt a gona take ƙarewa, ba ta hana ƙwaron rumbu huda wake. Don haka kowane iri, na gargajiya ko na GMO, yana iya faɗawa hannun ɗan kasuwar da zai yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper. Sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, shi ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya a 2015. Wannan guba ce da ke taɓa jijiyoyi, tana jawo amai, zubar yawu da ciwon kai, in ta yi yawa har kisa. To, tambayi yadda aka adana. Waken buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, rashin iska ne ke kashe ƙwaronsa, ba magani. Shi ne zaɓi na farko. Tura hannu can tsakiyar buhu ka ɗebo ka sansana. In ka ji wari mai kama da kalanzir ko tafarnuwa, ko ka ga farar ƙura a tafinka, wuce gaba. Tsohon wake a tsakiyar damina, cikin buhu na yau da kullum, babu huda ko ɗaya, abin zargi ne. Gara mai 'yar huda kaɗan.

Wanda bai yarda da GMO ba yana da haƙƙin ƙin sa, kuma abin takaici ne a ce mudu ba ya ɗauke da wata shaida. Mafita ita ce sayen buhu da kaka daga manomin da ka san irin da ya shuka. Haka ma masara, tunda an fitar da irinta na GMO mai suna TELA a 2024. Shinkafar Argungu da Suru kuwa, irin su FARO 44, babu ruwanta da wannan batu.

Sai kaza. Jita-jitar ita ce ana yi wa kajin gidan gona allurar sinadarin girma. Kazar buroila tana kai kusan kilo biyu cikin mako shida zuwa bakwai saboda zaɓen iri na shekaru da dama da abinci mai yawan waken soya da masara. Sinadarin girma sai an bi kowace kaza da allura a kai a kai, kuɗinsa da wahalarsa sun fi ribar. Matsalar gaske ita ce maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan sha. Kowane magani an rubuta masa kwanakin da za a jira kafin yanka, amma mai gonar da ya ga kaji sun fara mutuwa yakan kwashe su kasuwa washegari. Dahuwa ba ta kawar da ragowar maganin gaba ɗaya, kuma yawan amfani da shi ne ke sa cututtuka su daina jin magani.

Kazar Hausa takan yi wata biyar ko shida kafin ta isa yanka, ba ta cika haɗuwa da magani ba, ga daɗi a farfesu, sai dai tsoka kaɗan. Noila, wato ingantacciyar kazar da aka samar ta hanyar barbara, tana tsakiya, wata uku zuwa huɗu. Buroila ta fi araha a kilo. Saye ta da rai, mai kuzari, idanu garau, gindi babu zawo, ka kuma tambayi mai gona ranar da ya ba da magani na ƙarshe. Wadda ba za mu ba kowa shawarar saye ba ita ce daskararriyar kazar fasa-ƙwauri da ke shigowa ta iyakar Benin. Najeriya ta haramta shigo da ita, kuma a hanya takan narke ta sake daskarewa. Ƙanƙara mai launin jini a cikin leda ita ce alamar hakan.