Garin da jirgin sama ya daina sauka: saƙo daga Plymouth

Yaya, barka da war haka, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Na ga saƙonka cewa idan Hajiya za ta zo ganin jikoki a yanko mata tikitin jirgin sama har Plymouth, nan Ingila, don kada ta sha wahalar hanya. Sai da na yi dariya ni kaɗai. Ai rabon da jirgin fasinja ya sauka a garin nan tun 2011. Gari ne mai mutum sama da dubu 250, ga babban sansanin sojan ruwa, ga jami'a, amma ba shi da abin da Katsina da Gombe da Birnin Kebbi suke da shi.

Da na zo a 2007 akwai jirgi. Wani ɗan kamfani ne mai suna Air Southwest, wanda kamfanin Sutton Harbour na nan garin ya kafa a 2003, bayan British Airways ya janye daga hanyar Plymouth zuwa Gatwick, filin jirgin da ke kusa da Landan. Jiragensa biyar ne a lokacin da yake ganiyarsa, duka ƙirar Dash 8 masu farfela biyu, kowanne na ɗaukar mutum 50. Dole ce ta sa haka, domin titin saukar bai kai mita 1,200 ba, manyan jirage ba sa iya sauka. Yana zuwa Manchester da Leeds da Bristol da Glasgow da tsibirin Jersey, har Dublin da Cork a ƙasar Ailan.

Filin yana dab da asibitin Derriford inda nake aiki, da ƙafa ma ana zuwa. Ɗakin jiran bai fi zauren wani attajirin Kano ba. Ka miƙa jakarka, ka zauna kana hangen jirgin ta taga kamar motar da ke lodi a tasha, in lokaci ya yi ku taka da ƙafa ku hau. Abin da ya fi ba ni mamaki a hawana na farko shi ne, Landan tana gabas, amma sai jirgi ya tashi ya nufi yamma. Na tambayi wata tsohuwa da ke kusa da ni, ta ce garin Newquay za mu biya a ɗauki wasu. Wallahi sai na tuna direbobin Funtuwa da ba sa barin kujera ta tafi a banza. Kuma da yake filin a kan tudu yake, in hazon teku ya rufe shi sai a haƙura, kamar dai yadda hazon hunturu ke yi mana a Kano.

Abin da ya kashe Air Southwest ba ɓoyayye ba ne. Tattalin arziki ya karye a 2008, mutane suka rage tafiya. Kamfanin jirgin Flybe, wanda ya fi shi girma da jari, ya shigo hanyar Newquay zuwa Gatwick da jiragen da suka fi nasa kujeru. A 2010 aka sayar da Air Southwest ga kamfanin Eastern Airways, a farkon 2011 aka daina zuwa Gatwick, kuma hanyar nan ita ce uwa ma ba da mama. Jirgi na ƙarshe ya bar Plymouth a watan Yuli, kamfanin ya rufe a ƙarshen Satumba, filin ya bi bayansa a Disamba. Shi ma Flybe ɗin da ya taka shi bai tsira ba, ya durƙushe a Maris na 2020.

A gida muna ɗauka cewa a Turai gwamnati ba ta barin abu ya mutu. Tana bari sarai, in ba ya kawo riba. Mu ma mun ga Nigeria Airways da Chanchangi sun tafi. Inda na ga bambanci shi ne a nan an sanar da ranar rufewa tun da sauran watanni, kowa ya san inda dare ya yi masa. Ka tuna shekarar da na kwana biyu a filin jirgin Legas da tikitin wani kamfani a hannuna, kanta babu kowa, lambar waya ba ta shiga? Har yau kuɗin nan bai dawo ba.

Yanzu jirgin ƙasa muke bi, awa uku da wani abu daga tashar Paddington ta Landan. Yana da tsabta, akwai wurin cajin waya, in ya makara da minti 15 ma kana iya neman a mayar maka da wani abu daga kuɗinka. Sai dai tsada: tikitin da ka saya ranar tafiya yakan ninka wanda aka saya da makonni. Layin kuma guda ɗaya ne tilo, yana bin bakin teku a garin Dawlish. A Fabrairun 2014 igiyar ruwa ta cinye katangar, ta bar ƙarafan dogo suna reto a iska, muka yi wata biyu sai bas. A lokacin kowa ya tuna da filin jirgin. Yana nan har yau a kewaye da waya, ciyawa ta tsiro a titin, ina wuce shi kullum da safe. Masu fafutuka na son a sake buɗewa, masu hayar filin sun fi son gina gidaje.

Saboda haka a yanko wa Hajiya zuwa filin jirgin Heathrow na Landan kawai, ni zan je in tarye ta. Zan nema mata kujerar hagu a jirgin ƙasa don ta ga teku a Dawlish. Ta zo mana da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, don na shagunan nan ƙulli kaɗan ne da tsadar tsiya, ga shi duk ƙamshin ya gudu. Kilishi kam kada ta soma, doka ta hana shigo da nama, a kwastan za su karɓe.