Wata huɗu a ajin zane na salula, ga abin da na gani

Ni dai sana'ata rubutun allo ce, allunan shaguna, wurin aski, masu gyaran salula, duk wanda ya bi hanyar kasuwar Dole da ƙafa wataƙila ya wuce aikin hannuna bai sani ba. Fenti da buroshi na sani. To yanzu masu shago sun koma son bandarol ɗin da inji ke bugawa, ciniki ya ja baya, shi ne wani ƙanena da ke jami'a ya ce yaya ka shiga ajin nan na zane da ake yi ta WhatsApp mana, wani matashi ne ɗan nan Damagaram ke koyarwa, jika biyu a wata. Na ce yo ni da tsufana zan zauna ina shafa gilashi da yatsa? Amma dai na tura kuɗin, yau wata huɗu ke nan, kuma tunda mutane na ta tambayata ko abin ya cancanci kuɗinsa bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Koyarwar kam babu laifi wallahi. Malamin ya san mu, ya san ba mai iPad a cikinmu sai mutum biyu, don haka bai ɓata mana lokaci da manhajar zane ta Procreate ba tunda shi a kayan Apple kawai yake aiki. Da ibisPaint X muka fara, na wani kamfani ne a Japan, kyauta ake sauke shi a Android sai dai akwai talla, kuma in kana son wasu buroshin sai ka kalli talla a buɗe maka su na wasu awowi. Masu kwamfuta ya ce su sa Krita, shi ma kyauta ne. Abin da ya fi burge ni shi ne kalk, wato ka yi zane hawa-hawa kamar takardu masu shara-shara an ɗora wata kan wata, layi a sama, launi a ƙasa, inuwa daban, in ka ɓata ɗaya sauran na nan lafiya lau. Ni da na saba in harafi ɗaya ya karkace a allo sai na jira fenti ya bushe na sake shafe wurin, ranar da na gane wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a shago har yarona ya leƙo. Kuma malam ya yi mana bayanin abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, dalilin da ya sa launi ke ƙyalli a waya amma in an buga ya fito a dushe, ashe waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuma da tawada huɗu, shi ya sa koren nan mai walƙiya ba ya fitowa yadda ka gan shi. Wannan darasin kaɗai ya mayar mini da jika biyuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne garup ɗin kansa. Mun kai mutum ɗari da wani abu, daga nan, daga Maradi, da 'yan Kano da Katsina, amma masu motsi ba su fi goma sha biyar ba. Ka kwana uku kana zane, ka turo, sai a yi maka ruwan sitika da masha Allah, masha Allah, ba wanda zai ce maka hannun nan ya fi ƙafa tsawo ko inuwar nan ta faɗi ɓangaren da rana take. Na gode da addu'a amma ba ita na biya kuɗi in saya ba. Mu da muka koyi sana'a a gaban maigida mun san yadda ake, zai dubi aikinka ya ce goge, ka goge, gobe ka fi yau. Kunya ce ke cin garup ɗin nan, kowa na tsoron a ce ya yi hassada. Da ni ne malam sai in ware rana guda a sati, a ce Alhamis da dare, duk wanda ya sa aikinsa a ranar to ya yarda a fiɗe shi, kuma duk mai magana dole ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, in so samu ne ya zana gyaran da jan layi a kan hoton don a gani da ido.

Sai maganar forfe, wato kuɗin intanet na waya. Malam na turo bidiyo na minti ashirin, ga rezo yadda yake, ga kuran da ke ɗaukewa lokacin zafi waya na neman caji, rabin mutane ba sa buɗewa. Alhali ibisPaint ɗin da kansa yana naɗe yadda ka yi zane tun daga layin farko ya mayar da shi ɗan gajeren bidiyo, a turo wannan da vokal na minti biyu ya wadatar. Kuma don Allah a riƙa turo zane a matsayin dokima, in ka tura shi kamar hoto WhatsApp matse shi yake, layukan su dagule. Ga masu turo wa'azi da tallan atamfa da sanarwar biki cikin darasi, wannan kam a buɗe musu wani ɗaki daban tunda WhatsApp ɗin ya ba da damar haɗa garup da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne me ake zanawa. Kusan kowa 'yan katun ɗin Japan masu manyan idanu yake kwafa, yara na so, ban hana ba. Sai dai mutum yana zaune a garin da ke da tsohuwar unguwar Birni! Ka shiga lungunan nan ka ga gaban gidaje da zanen da magina suka yi, dagi, zankwaye a saman soro, duwatsun nan manya da gidaje suka rungume, ƙofar fada, dogarai da jan kaya da kore, dawakai ranar hawan salla, aikin dukawa a jaka da matashi, aska takwas a gaban babbar riga, zayyanar allo ta masu saukar Alƙur'ani, lallen mata. Wane ɗan Japan ne zai zo ya zana mana wannan? Kuma akwai wata fa'ida da malam bai lura ba, mutum uku na sani da suka fita saboda zuciyarsu ba ta kwanta da zanen fuskar mutum ba, har da wata baiwar Allah mai yin lalle da hannunta ya fi na kowa tsabta a garup ɗin. Da akwai ɓangaren zayyana da gine-gine da zanen tufafi da ba ta tafi ba, da ma ta jawo ƙawayenta. Turawa na da abin da suke kira Inktober, wani Ba'amurke Jake Parker ya fara shi a 2009, zane ɗaya kullum har kwana 31 na watan Oktoba. Me zai hana mu yi namu, kowace rana kalma ɗaya ta Hausa, yau tulu, gobe rawani, jibi kabu-kabu, ko da da biro ne a takarda ga wanda wayarsa ta gaza.

Kuma a riƙa haɗuwa ido da ido mana, mu na cikin gari, ko sau ɗaya a wata a sha shayi, mai tabilet ɗin zane ta Huion ko XP-Pen ya kawo wasu su taɓa su ji yadda alƙalamin ke gane nauyin hannu kafin su kashe kuɗinsu. Masu shago da masu biki kullum suna neman mai yi musu tambari da katin gayyata, in garup ya zama wurin da ake samun ɗan aiki ba sai an roƙi kowa ya shigo ba.

Wanda bai taɓa riƙe buroshi ba ya shiga, wata biyu na farko zai ƙaru sosai. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa kuma gyara yake nema, ya dakata tukuna ya ga ko za a canza tsari. Ni na biya na wata na biyar jiya, na kuma tura wa malam duk wannan ta vokal, ya ce in sha Allahu Alhamis mai zuwa za a gwada, wai kuma da zanen ƙofar fadar da na yi za a fara.