Nukiliya ko mai: da wane inji jirgin ruwan yaƙin Sin na gaba zai yi tafiya?

Fujian, jirgin ruwan Sin mai dakon jiragen yaƙi da aka saka a ruwa a Shanghai a 2022, mai yake ƙonawa, duk da haka da lantarki yake cilla jiragensa sama, kamar jirgin Gerald R. Ford na Amurka mai tukunyar nukiliya biyu. Nan gardamar take.

Masu son nukiliya na cewa jirgi zai yi shekara ashirin da ɗoriya bai nemi makamashi ba, wurin da tankin mai zai cinye kuma a zuba man jirage da makamai. Gaskiya ne. Amma ma'aikatan ciki sai sun ci tuwo, jiragen rakiya kuma mai suke sha, don haka jirgin da ke kawo abinci da mai na biye ko ta yaya. Ga tsada, ga gyaran da ke zaunar da jirgi shekaru a tasha. Bayan Amurka, Faransa kaɗai ke da jirgin dakon jiragen yaƙi mai nukiliya.

A ganina, in dai hankalin Sin na kan Taiwan da tekun kudancinta, mai ya wadatar. Ranar da ta so yada zango a tekun Indiya, nukiliya za ta nema.